Kama da wane ba ta wane: Abin da ya kamata a sani kafin sayen adaftar tsohuwar firinta

A unguwar GRA ta birnin Bauchi, inda gidajen manyan ma'aikata, masaukan baƙi, makarantu masu zaman kansu da ofisoshin ƙungiyoyi suke maƙwabtaka da juna, kayan aiki ba sa daɗewa a wuri guda. Yau an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ya tattara ya-nasa-ya-nasa, gobe wata ƙungiya ta kammala aikinta ta rufe ofis, jibi kuma a yi gwanjon tsofaffin kaya. A cikin wannan kai-komo, abin da ya fi saurin salwanta shi ne ƙaramin baƙin akwatin nan mai waya gaba da baya, wanda ke shayar da na'urar buga takardu wutar lantarki, wato adafta.

A ɗauki misalin magidancin da ya yi ritaya, ya ciro firintar da ta yi shekaru a sito, da niyyar bai wa ɗansa ya buɗe ɗan shagon buga takardu. Kasuwa kuwa akwai ta, domin masu jarrabawar JAMB na neman inda za su buga takardar shiga ɗakin jarrabawa, ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya kuma ba sa rabuwa da buge-buge. An kakkaɓe na'ura, komai nata lafiya, sai dai an nemi adafta sama ko ƙasa an rasa.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki firintar a nufi kasuwar Wunti ko wani shagon kayan kwamfuta, a zazzage kwalin tsofaffin cajoji, a riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya har a dace da wadda bakinta ya shiga. A daidai nan ake tafka asara. Shigar bakin waya cikin ramin na'ura ba ya nuna cewa wutar da ke cikin wayar ita ce na'urar ke buƙata, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙone allon da ke sarrafa firintar baki ɗaya. Duk bayanin da mai saye yake buƙata yana rubuce a jikin na'urar tasa, in ya san yadda ake karanta shi.

A fara tantance abin da ya ɓata

Ba kowace firinta ke amfani da adafta ba. Firintocin da ke aiki da garin tawada, waɗanda ake kira masu leza, irin su HP LaserJet 1020 da ta fito a shekarar 2005 kuma har yanzu take cike da ofisoshin ƙasar nan, ɓangaren sarrafa wutarsu yana cikin cikinsu. Abin da ke fita waje kebul ne kawai mai ramuka uku, irin na kwamfutar tebur. Wanda ya rasa wannan bai rasa abu mai wuyar samu ba.

Da yawa daga cikin firintocin Epson da Canon masu ruwan tawada su ma haka suke, sai dai kebul ɗinsu mai ramuka biyu ne, bakinsa ya yi kama da lamba 8, irin na tsohuwar rediyo mai kaset.

Wahalar tana wajen kashi na uku, masu adafta a waje. A cikinsu akwai tsofaffin HP Deskjet, da ƙananan injinan buga rasit da ake gani a kantuna da shagunan magani, da na buga lakabin kaya. Aikin adaftar shi ne ta karɓi wutar soket, wadda a Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne kuma tana juyawa gaba da baya sau 50 a daƙiƙa, ta rage ta, ta kuma mayar da ita wuta mai tafiya ta fuska ɗaya. Ta farko ita ake rubutawa AC, ta biyun kuma DC. Allon firinta da ƙananan injinan da ke jan takarda da DC suke aiki, kuma kowace na'ura da ma'aunin da aka ƙera ta a kai.

Takardar da ke manne a jikin na'ura

A bayan kowace firinta, ko a ƙarƙashinta, ko a cikin murfinta, akwai takardar da kamfani ya manna. Tana ɗauke da sunan samfuri da lambar na'ura, sannan da layin da ya fi kowanne muhimmanci, mai lambobi tare da haruffan V da A. A wasu samfuran an zana waɗannan lambobi a jikin robar da ke kusa da ramin wuta.

Harafin V yana nufin bolt, wato ƙarfin turin wuta. Harafin A yana nufin amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Idan aka ga mA, to kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya, saboda haka 500mA rabin amfiya ke nan. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wanda ake rubutawa W.

Ita ma adaftar tana da tata takardar, mai layi biyu. Layin da aka rubuta INPUT yana bayyana wutar da take iya karɓa daga soket. Wanda aka rubuta OUTPUT yana bayyana wadda take bai wa na'ura. Aikin mai saye shi ne ya tabbatar layin OUTPUT na adafta ya dace da abin da firinta ta nema, layin INPUT kuma ya ƙunshi bolt 230. Mafi yawan adaftocin zamani suna ɗauke da 100-240V, ma'ana suna aiki a kowace ƙasa.

Kafin a bar gida, a ɗauki hoton takardar firinta da wayar hannu, a kuma ɗauki hoton ramin wutar daga kusa yadda za a iya ƙirga ƙarafunan da ke ciki. In takardar ta goge, sunan samfurin da ke gaban na'ura ya isa a nemo littafinta a shafin intanet na kamfanin, inda ake jera waɗannan bayanai.

Bolt ba ya karɓar ciniki, amfiya tana karɓa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bambancin ma'aunan biyu ita ce a tuna da tankin ruwa na saman gida. Tsayin da aka ɗora tankin shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi, wannan shi ne bolt. Yawan ruwan da tankin da bututunsa za su iya bayarwa a lokaci guda kuma shi ne amfiya. In ƙarfin ya wuce kima, bututu ya fashe. Amma in tankin babba ne, famfo ba ya shan fiye da abin da aka buɗe shi ya sha.

Don haka dole bolt ɗin adafta ya zama daidai da na firinta. In ya yi yawa, yana iya ƙona allo nan take. In ya gaza, na'urar ba za ta tashi ba, ko ta tashi amma injin jan takarda ya riƙa sarƙewa. Ita kuwa amfiya, ana so ta kai abin da firinta ta nema ko ta zarce. Firintar da ta nemi amfiya 1 za ta yi aiki lafiya da adafta mai amfiya 2, muddin bolt ɗaya ne. Akasin haka ne ke da haɗari, domin adaftar da amfiyarta ta gaza za ta riƙa ɗaukar zafi, firinta ta riƙa mutuwa a tsakiyar bugu, a ƙarshe ita adaftar ta ƙone.

Kasancewar na'urori biyu 'yan kamfani ɗaya ba ya sa wutarsu ta zo ɗaya. Adaftar HP Deskjet 1050 da 2050 tana ba da bolt 30 da miliamfiya 333, ta Deskjet 1510 kuma bolt 22 da miliamfiya 455. In aka yi lissafi, kowace tana ba da kimanin wat 10, ga girma kusan ɗaya, ga tambari ɗaya, amma akwai tazarar bolt 8 a tsakaninsu. Wasu samfuran da suka girme su ma wuta iri biyu suke karɓa a lokaci guda, bolt 32 da bolt 16, ta baki mai ramuka uku. Irin waɗannan babu wata caja ta gama-gari da za ta maye gurbinsu. Abin da ake nema shi ne lambar adaftar kanta, wadda a kamfanin HP kan fara da 0957 ko 0950, a sayi mai wannan lambar ko wadda kamfanin ya ce tana maye gurbinta.

Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ita aka fi jarabtar mutane da gwadawa, yawanci bolt 19 zuwa 20 take bayarwa. Ta na'urar raba intanet da ta dikodar talabijin galibi bolt 12 ce. Injinan buga rasit na Epson irin su TM-T88 kuwa bolt 24 suke sha, ta baki mai zagaye mai ƙarafuna uku. Ko a cikin ɗaki guda, ana iya samun adaftoci huɗu masu kama da juna, kowace da nata ƙarfin.

Tsakiya da gefe

Akwai wani tarko da ko masu sayar da kayan sukan manta da shi. Wutar DC tana da ɓangare biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kamar yadda ake gani a batirin tocila. A adafta mai bakin bututu, ɗaya ɓangaren yana bi ta ramin tsakiya, ɗayan kuma ta ƙarfen da ya zagaye shi. Ana nuna wannan da ɗan zane: ɗigo a tsakiya, rabin da'ira a kewaye, layi ɗaya ya nufi alamar tarawa, ɗaya ya nufi ta ɗebewa.

A mafi yawan na'urori tsakiya ce mai alamar tarawa. Amma akwai masu akasin haka. Ƙananan injinan buga lakabi na Brother da yawa suna amfani da adafta mai bolt 9 wadda tsakiyarta alamar ɗebewa ce. Wanda ya jona musu adaftar wata na'ura mai bolt 9 ɗin, bakinta ya shiga daram, zai iya tura musu wuta a juye. Na'urar da aka yi wa kariya ba za ta kunnu ba kawai, wadda ba ta da kariya kuwa ta tafi ke nan.

Girman bakin ma yana yaudara. Akwai bakuna biyu da suka fi yawa a kasuwa, dukkansu faɗinsu milimita 5.5 daga waje, amma ramin ɗaya milimita 2.1 ne, na ɗayan 2.5. Mai faɗin rami yana shiga gurbin ƙarami, sai dai ba ya kamawa sosai, wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa duk lokacin da aka taɓa tebur, wurin haɗuwar kuma ya riƙa zafi. Haka nan, wasu tsofaffin adaftoci masu nauyi wutar AC suke fitarwa. Alamar AC layi ne mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ta DC kuma miƙaƙƙen layi ne da tsinkakken layi a ƙarƙashinsa. Ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Firintar da ta fito daga Amurka

Mai firintar leza da ya sami kebul cikin sauƙi shi ma yana da abin dubawa kafin ya jona. Da yawa daga kayan gwanjo da ake saukewa a Legas, su bi ta kasuwar Alaba ko ta kwamfutoci da ke Ikeja kafin su iso Kano, Jos da Bauchi, daga Amurka suka fito, inda wutar gida bolt 120 ce. A Japan ma bolt 100 ce. Firintocin leza ba kamar cajar waya suke ba, galibinsu iri biyu ake ƙera su, na 110-127V da na 220-240V, kuma ramin kebul ɗinsu iri ɗaya ne sak.

Duk wanda ya jona ta bolt 110 kai tsaye a soket ɗin Najeriya, abin da zai biyo baya ƙara ce da ƙaurin ƙuna. Mafita biyu ce. Ko dai a yi amfani da taransifoma mai rage wuta daga 230 zuwa 110, ko a kai wa ƙwararre ya sauya mata kayan ciki. In taransifoma za a saya, ƙaramar nan ta aski ba za ta ɗauka ba, domin firintar leza tana da wani sashe da ke gasa garin tawada a jikin takarda da zafin da ya kusa digiri 200, kuma lokacin da yake ɗumama yana jan ɗaruruwan wat. Ana buƙatar mai ƙarfin da ya zarce abin da aka rubuta a jikin firintar da tazara mai yawa. In kuwa sauya kayan ciki za a yi, a sani cewa allon wuta kaɗai bai wadatar ba, shi ma sashen gashin nau'i biyu ne, na 110 da na 220.

Idan mai sayarwa ya ce an riga an sauya ta alhali takardar bayanta tana nuna 110, a nemi ya jona ta a shagonsa, ya buga shafuka da dama a gaban mai saye.

Yadda ake ciniki a kasuwa

Wanda ya zo da hoto da lambobi a hannu ya rage wa kansa rabin wahala. Abin da ya rage shi ne rarrabe ingantacciya da jabu. Tsohuwar adaftar asali da aka ciro daga firintar da ta mutu ta wata hanyar sau da yawa ta fi sabuwar da ba a san maƙerinta ba, kuma masu gyaran firinta kan tara irin waɗannan. Shi ya sa ya fi kyau a fara da shagon mai gyara kafin teburin mai sayar da cajoji.

Akwai alamomin da ido da hannu ke iya ganewa. Adaftar jabu takan yi sakayau fiye da kima, domin an rage mata kayan tace wuta da na kariya. Rubutunta kan zo a dusashe ko da kuskuren haruffa, wayarta siririya, robarta kuma tana motsi in an matsa. Duk wadda ta kumbura, ko ta tsage, ko aka naɗe wayarta da salatif, ko take ƙauri, a bar ta.

Bayan ido sai awo. Kowane mai gyara yana da mitar auna wuta, kuma awon ba ya cin minti biyu. A jona adafta a soket ba tare da firinta ba, a ɗora tsinken mita ɗaya a tsakiya ɗaya a gefe. Lambar da ta fito ya kamata ta yi kusa ƙwarai da wadda aka rubuta. In jan tsinke yana tsakiya kuma lambar ta fito da alamar ɗebewa a gabanta, to tsakiyar ta ɗebewa ce. In adaftar mai wuta iri biyu ce, a auna kowane rami daban. Sai an gama wannan ne za a jona firinta, a buga shafin gwaji, a bar ta a kunne na ɗan lokaci, sannan a taɓa adaftar. Ɗumi ba laifi ba ne, amma zafin da hannu ba zai jure ba alama ce ta matsala.

Adaftocin nan masu maɓallin zaɓen bolt da bakuna barkatai suna da amfani ga ƙananan kaya, amma galibinsu ba sa kaiwa bolt 30, kuma maɓallin na iya gocewa ba a sani ba. Yanke bakin tsohuwar waya a haɗa da wata adaftar aiki ne na ƙwararre mai mita, ba na gwaji a gida ba.

A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar adaftar. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka zo da lahani ko suka saɓa wa bayanin da aka yi masa, kuma rasit shi ne hujjarsa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin sa ido kan kayan lantarki da ake shigowa da su, ta hanyar shirinta na SONCAP da ya fara a 2005, kuma ana iya kai mata ƙorafin kayan jabu.

Bayan an dawo gida

Samun adaftar da ta dace rabin aiki ne, sauran rabin shi ne wutar da za a jona ta. Bauchi tana ƙarƙashin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, JED, tare da jihohin Filato, Gombe da Binuwai. Kamar sauran sassan ƙasar, gida ko ofis ɗaya kan yi amfani da wutar kamfani, janareta da wutar sola a yini guda. A watan Oktoban 2024, lokacin da matsalar manyan layukan dakon wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki, kusan duk wani aikin ofis a kan janareta da batura ya koma.

Lokacin da ya fi haɗari ga adafta shi ne sa'ilin da aka dawo da wuta, ko ake sauyawa daga janareta zuwa wutar kamfani, domin a nan ne wuta kan yi tsalle. Dabarar da ba ta cin ko kwabo ita ce a kashe soket da zarar an ɗauke wuta, a jira ta zauna kafin a kunna. Haka ma lokacin hadari da tsawa a damina. Sitabilaiza tana taimakawa inda wuta ke yawan hawa da sauka.

Firintar tawada mai cin wat 10 zuwa 30 ba ta wahalar da ƙaramin janareta ko batirin sola. Ta leza kuwa tana iya durƙusar da su a duk lokacin da ta fara ɗumama, shi ya sa masu ƙera ƙananan na'urorin ajiyar wuta na kwamfuta, wato UPS, suke gargaɗin kada a jona musu firintar leza.

Filogi ma abin kula ne. Soket ɗin da aka fi amfani da shi a Najeriya irin na Ingila ne mai ramuka uku, kuma filoginsa yana da fiyus a ciki. Cusa filogi mai ƙafa biyu ta hanyar zura tsinke a ramin sama, ko cire ƙafa ta uku, ko maye gurbin fiyus da zaren waya, duk suna kawar da kariyar da aka tanada domin hana gobara da jan wuta. Adafta kuma tana son iska. A zafin Bauchi na watannin Maris da Afrilu, barin ta a ƙarƙashin tarin takardu ko a kan kafet yana rage mata kwana, ƙurar hunturu kuma kan toshe ramukan iskar firinta in ba a rufe ta da ƙyalle bayan aiki.

Shin ta cancanci a kashe mata kuɗi?

Kafin a biya kuɗin adafta, yana da kyau a roƙi mai gyara ya tayar da firintar da tasa adaftar, a ga ko tana da rai. Firintar tawada da ta daɗe a ajiye takan bushe. A ƙananan HP Deskjet, bakin fesa tawada yana jikin kwalbar tawadar, saboda haka sabuwar kwalba tana magance bushewar. A firintocin Epson bakin yana manne a jikin na'ura, in ya toshe sai an wanke, wani lokaci ma sai an sauya shi da tsada.

A kuma bincika ko ana samun tawadarta a gari. Kamfanoni kan raba duniya shiyya-shiyya: Deskjet 1050 da aka sayar a Afirka tana shan kwalba mai lamba 122, wadda aka sayar a Turai 301, ta Amurka kuma 61, kuma ɗaya ba ta karɓar ta ɗaya sai an sake saita ta. Sannan a tabbatar kwamfutar da za a haɗa ta da ita tana gane ta. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma wasu tsofaffin firintoci ba su da manhajar haɗi da aka yi domin Windows 11.

In an haɗa kuɗin adafta, tawada da gyara aka ga sun doshi kuɗin wata firintar mai aiki, hikima ita ce a haƙura. In kuwa adaftar ce kaɗai matsala, jefar da na'ura mai lafiya saboda ita ɓarna ce.

Abin da ya shafi kowa

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, ITU da UNITAR, suka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a shekarar 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa ta hanyar da ta dace. Na'urorin da aka yasar saboda rashin ƙaramin abu kamar adafta suna cikin wannan tari.

Tarayyar Turai ta ɗauki mataki kan rikicin cajoji, inda daga ranar 28 ga Disamban 2024 ta wajabta wa sababbin wayoyin hannu da ƙananan na'urori da dama amfani da baki iri ɗaya, USB-C. Sai dai dokar ba ta haɗa da firintoci ba, don haka masu su za su ci gaba da karanta takardar bayan na'ura.

A Najeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke kula da dokokin muhalli, kuma tun 2011 akwai ƙa'idojin da suka shafi kayan lantarki da shararsu. A aikace, matacciyar adafta da wayoyinta kan ƙare ne a hannun 'yan gwangwan, wasu kuma su ƙone robar domin ciro jan ƙarfe, hayaƙin da ke tashi kuwa guba ne ga mai ƙonawa da maƙwabtansa. Miƙa matacciyar firinta ga mai gyara ya fi jefa ta a bola, domin adaftarta ko allonta na iya tayar da ta wani.

Ofisoshi da ƙungiyoyin da ke GRA da sauran unguwanni suna iya rage wannan asara da abu mai sauƙi. Duk ranar da aka sayi na'ura, a manna wa adaftarta takarda mai sunan na'urar, a rubuta lambarta a rajistar kayan ofis. Ranar ƙaura ko gwanjo, a ɗaure adafta a jikin firintarta kafin a ɗora a mota.

Shi kuwa magidancin da ya ciro tasa daga sito, aikinsa na farko ba ya buƙatar kuɗin mota zuwa Wunti. Ya juya firintar, ya share ƙurar da ke kan takardar bayanta, ya rubuta abu biyar a takarda: bolt nawa, amfiya nawa, AC ce ko DC, tsakiya tarawa ce ko ɗebewa, da kuma siffar bakin. Adaftar da ta cika waɗannan biyar, aka kuma auna ta da mita a gabansa, ita ce tasa.